Tsohon gida mai radiyeta a Miniyafolis: injin ƙasa da sifilit, ko ɗaya ya isa?

Baban Sadiya: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masu sani nake nema. Gidan da muke ciki a Miniyafolis, jihar Minesota a Amurka, ginin shekarun 1920 ne, hawa biyu da ɗakin ƙasa. Da ruwan zafi ake ɗumama shi: tukunyar gas a ƙasa, radiyetocin baƙin ƙarfe a kowane ɗaki. Babu bututun iska ko ɗaya a cikin bango. Yuli da Agusta ba a iya kwana a sama sai an cusa iyakwandishan a taga, shi kuma ƙararsa ta hana Hajiya, matata, barci. Tukunyar ta tsufa, mai duba ta ya ce mu fara shiri. Wani kamfani ya kawo mini tsari: a haƙa rijiyoyi a bayan gida, a sa injin da ke ɗebo zafi daga ƙarƙashin ƙasa yana zubawa a ruwan radiyeta, sannan don sanyi a kafa sifilit uku, wato iyakwandishan na bango mai rabi a ɗaki rabi a waje, a ɗakunan sama. Abin da ya ɗaure mini kai, na ji an ce injin ƙasan shi ma yana sanyaya gida. To in haka ne, me zai sa in sayi inji iri biyu? Ko dai so suke su tatse ni?

Abban Walid: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka baro Kano don ka huta da haƙa bohol, ga shi ka je Amurka za ka haƙa uku.

Baban Sadiya: Huɗu ma suka ce, kuma ko ɗigon ruwa ba zan sha daga ciki ba.

Injiniya Bazazzage: Wa alaikumus salam, Baban Sadiya. Ba tatsa ba ce, sai dai ba su yi maka bayani ba. Injin ƙasa da sifilit abu ɗaya ne a ciki: kwamfiresa da gas mai zagaye, suna ɗauke zafi daga wani wuri su kai wani. Bambancin shi ne inda suke ɗebowa da inda suke zubarwa. Sifilit da iskar waje yake hulɗa. Na ƙasa kuma da ruwan da ke zagaye cikin bututun roba da aka zura a rijiya aka cike gefensa da yumɓu na musamman. A yankinku, da an nutsa 'yan mitoci, ƙasa tana zaune wajen digiri 8 rani da damina, ko da waje ya kai 30 ƙasa da sifili. Shi ya sa duk yunit ɗaya na wuta da ya ci yake ba ka zafi na yunit uku zuwa huɗu.

Gaskiya ne yana sanyaya. Matsalar ita ce ta ina sanyin zai shiga ɗaki. In gida yana da bututun iska, magana ta ƙare, inji ɗaya ya yi duka. Kai radiyeta gare ka. Tura ruwa mai digiri 7 cikin baƙin ƙarfe a watan Yuli, lokacin da iskar Minesota ke cike da laima, ka ga yadda zai yi gumi ya ɗiga a kan katakon daɓenka har ya ruɓe. Bututun da ke cikin bango ma haka za su yi, inda ba ka gani. Ga shi radiyeta ba shi da fanka, ɗan sanyin da ya bayar a ƙasa zai kwanta. Don haka dole a sami wata hanyar sanyi dabam, kuma sifilit ita ce mafi arha a gidan da ba a son fasa bango.

Amma ni ba nan damuwata take ba. Tambaye su zafin ruwan da injinsu zai iya bayarwa.

Baban Sadiya: Injiniya, Allah ya ƙara sani. A takardar sun rubuta 120 a ma'auninsu na nan.

Injiniya Bazazzage: Wato kusan digiri 49 ke nan a namu. Tukunyar gas irin taka takan tura ruwa mai 70 zuwa 80. Radiyetan da aka saba ba shi 75, in ka ba shi 45, abin da zai fitar bai fi kashi ɗaya cikin uku na da ba, ko ya ɗan haura. Nan ne ayyuka irin wannan suke lalacewa. Mutum ya kashe dukiya, Janairu ta zo, gida ya ƙi ɗumi, ƙarfen wuta na ko-ta-kwana da ke cikin tankin ya riƙa aiki dare da rana, bil ya zo ya fi na gas.

Abin da zai iya cetonka shi ne magina na wancan zamani sun yi radiyetoci manya, domin gidajen ba su da abin tare zafi a bango, tagoginsu kuma gilashi ɗaya ne. Idan masu gidan na baya sun cusa abin tare zafi a rufi da bango sun canza tagogi, ƙila radiyetocin sun fi ƙarfin buƙatar gidan yanzu, sai ruwan 49 ya wadatar. Ba a sanin wannan da ido. Sai an auna kowane ɗaki an lissafa zafin da yake zubarwa, lissafin da suke kira Manual J, sannan a ƙirga sassan kowane radiyeta da tsayinsa. Duk wanda ya ba ka farashi bai ɗauki tef ya zaga ɗakuna ba, ka yi masa godiya ka raka shi ƙofa.

Abban Walid: To ai da sauƙi. Ya rage zafin tukunyarsa zuwa 49 ranar da aka fi sanyi, in gida ya yi ɗumi shi ke nan.

Injiniya Bazazzage: Dabara ce mai kyau, amma kada ya yi da kansa. Tsohuwar tukunyar baƙin ƙarfe ba ta son ruwan da ke dawo mata ya daɗe ƙasa da 55. Hayaƙin gas ɗin zai riƙa zama ruwa mai tsami a cikinta da cikin bututun hayaƙi, ya ci su. In za a gwada, mai sana'ar ya tsaya a kai.

Maman Faruk: Sannunku. Ni ba injiniya ba ce, lissafin kuɗi ne aikina, kuma a Sent Fol nake, tsallaken kogi da ku. Baban Sadiya, ɗauko bil ɗinka biyu ka ajiye a tebur. Gas a nan da tam ake auna shi, tam ɗaya daidai yake da yunit 29.3 na wuta. A ce dala ɗaya kake biyan tam, tukunyarka kuma tana amfanar da kashi 85 cikin ɗari. Zafin yunit ɗaya ya tsaya maka senti 4. A ce wuta senti 15 ce, injin ƙasa ya ninka ta sau uku da rabi, ya tsaya maka senti 4 da ɗoriya. Ina ribar? Sa naka alƙaluman ka gani, ba za su yi nisa da haka ba. Da da gas ɗin tulu kake ɗumama gida ko da man hita, kamar mutanen karkara, da ni ce zan fara cewa ka haƙa.

Sannan rangwamen haraji na kashi 30 cikin ɗari da gwamnatin tarayya take bayarwa, wanda dokar 2022 ta tsawaita, dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta datse shi. Aikin da bai kammala ba zuwa 31 ga Disamba 2025 ba ya ciki. In ɗan kamfanin ya sa maka shi a lissafi, ka goge da hannunka.

Baban Sadiya: Hajiya, bai sa ba, amma ya ce Xcel, kamfanin wutarmu, tana da farashin hunturu mai sauƙi ga masu ɗumama gida da wuta.

Maman Faruk: Akwai shi, kuma yana gyara lissafin. In ka yanke gas gaba ɗaya ka kuma huta da kuɗin mita na wata-wata. Amma ka raba kuɗin haƙa da abin da za ka rage a shekara, ka ga ko Sadiya ba za ta yi aure ba kafin uwar kuɗin ta dawo.

Ɗan Maradi: Salamu alaikum. Ni daga Suwidin nike, kusa da Gotenbag. Mu nan wannan abu ba labari ba ne, unguwa guda za ka bi gida bayan gida kowa da foraj ɗinshi, wato bohol, cikin dutse, galibi rami guda mai zurfin mita 150 ko 200. Kuma da yawa radiyeta ne gare su, ba bututun iska ba. Injin gidan da nike na kamfanin NIBE ne. Abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne sanyin banza. In zafi ya zo ba mu tada kwamfiresa. Ruwan da ke fitowa daga rami da sanyinshi yake, sai a bi da shi ta wata na'ura mai fanka da ake kafawa a bango, in ka gan ta sai ka rantse sifilit ce, amma ruwa ke yawo cikinta ba gas ba. Ƙaramin famfo da fanka kawai ke cin wuta. Zafin da aka kwasa daga ɗaki kuma rami yake komawa. Mine ne zai sa Alhaji ya sayi kilim uku, wato sifilit, ga sanyi kwance bayan gidanshi?

Injiniya Bazazzage: Malam ya kawo magana ta gaske, kuma akwai wani abu a ƙarƙashinta. Ƙasar da ke kewaye da rijiya tamkar rumbu ce: duk hunturu kana ɗiba, in da zafi ba ka mayar da komai ba, shekara bayan shekara tana raguwa. A gari irin Miniyafolis ɗumama ta ninka sanyaya sau da yawa. In aka bar wa sifilit aikin sanyi, zafin gidan iska za a zubar wa, rijiya ba ta sami komai ba.

Sai dai kada a kai abin inda bai kai ba. Wannan ya fi cizon manyan gine-gine masu rijiyoyi ɗaruruwa a cunkushe. Gida ɗaya mai rami huɗu, tazarar mita 6 tsakaninsu, ƙasar da ke gefe tana cike giɓin sosai. Mai zane nagari zai ƙara 'yan mitoci a zurfi, magana ta mutu.

Inda na rabu da kai, Malam, laima ce. Zafinku na Suwidin gajere ne, iskarku ba ta da nauyi. A Minesota akwai ranakun Yuli da raɓa ke sauka a kan duk abin da bai kai digiri 21 ko 22 ba. Abin da ke hana mutum barci a irin wannan dare laima ce, ba lambar ma'auni ba. Kafin na'ura ta matse ruwa daga iska sosai sai an ba ta ruwa mai kamar digiri 7. Ruwan rami zai fara da 9 ko 10, kafin Agusta ya haura, sai ɗaki ya yi sanyi-sanyi amma zanin gado na manne wa jiki. Don haka a can sai an tada kwamfiresa ya yi ruwan sanyi, a tanadi tanki, a ja sababbin bututu biyu zuwa kowane ɗakin sama, kowanne a naɗe shi ruf ba inda iska za ta taɓa, ga bututun zubar da ruwa na uku. A tsohon gida mai bangon filasta, kuɗin wannan aiki yakan fi na sifilit. Ga kuma ƙarancin masu iya shi. Mai gyaran sifilit kuwa kowace unguwa akwai.

Ɗan Maradi: Na yarda da batun laima. Amma in ni ne, ko falon ƙasa guda sai na sa ma ta ruwa, tunda yana bisa ɗakin injin, bututun bai da nisa. Sama a bar ma kilim.

Injiniya Bazazzage: Wannan kam ba ni da ja.

Kawu Ɗanjuma: Ku yi haƙuri in katse ku, yara. Baban Sadiya, wannan kuɗi a hannu za ka biya ko bashi za ka ci? Kamfanonin nan duk da takardar bashi suke yawo a jaka, su ce wata goma sha biyu ba ruwa, daga nan ruwan ya hau kanka. Kada son sanyin ɗaki ya kai ka ga riba. In babu a hannu, a yi abin da aljihu zai ɗauka.

Baban Sadiya: Kawu, Allah ya ƙara girma. Ba zan taɓa mai ruwa ba in sha Allahu. Shi ya sa ma nake son a raba aikin kashi-kashi in zai yiwu.

Maman Faruk: To ga kashin farko nan a fili. Sifilit na yanzu ba sanyi kaɗai suke yi ba, suna juyawa su yi zafi. Irin na ƙasashen sanyi, kamar Hyper-Heat na Mitsubishi, suna ba da cikakken ƙarfinsu har 15 ƙasa da sifili, kuma suna ci gaba da aiki har wajen 25 ƙasa da sifili. Sa su bana, ka kwana lafiya a Yuli, Oktoba da Afrilu su ɗumama maka sama. Tukunya in ta mutu ka sa sabuwa ƙarama. Rijiya ta jira.

Abban Walid: Hajiya, 25 ƙasa da sifili fa kika ce. Ƙarshen Janairun 2019 garinku ya kai 33 ƙasa da sifili. Ina zaune a Shikago ina jin labarinku, mu ma muna kuka.

Maman Faruk: Shi ya sa na ce ya riƙe tukunya. Ban ce ya dogara da su kaɗai ba.

Injiniya Bazazzage: Abin da Hajiya ta faɗa shi ne hujjar haɗa biyun, ko da ba nufinta ke nan ba. Lokacin da waje yake digiri 7 ko 10, iska da ƙasa kusan zafinsu ɗaya, sifilit yana aiki daidai da injin ƙasa, har ya kan fi shi in na ƙasan yana fama da kai ruwa 49. Inda ƙasa ke nuna fifikonta shi ne Disamba zuwa Fabrairu. In sifilit ya ɗauki farko da ƙarshen hunturu, ya kuma tallafa wa ɗakin da radiyetansa ya gaza, abin da ake ɗiba daga rijiya ya ragu, ƙila rami uku ya isa maimakon huɗu. A ƙiyasin da aka saba, kowane tan ɗaya na inji yana cin rami mita 45 zuwa 60, gwargwadon irin ƙasar. Kuma duk wanda ya lalace cikin biyun, gida ba zai daskare ba kafin mai gyara ya iso. Wanda ya taɓa ganin radiyeta ya fashe da ƙanƙara ya san darajar wannan.

Usta Mai Sanyi: Assalamu alaikum manya. Ni ƙaninku ne daga Kano, sana'ata ke nan, haɗa sifilit da gyaransa. Ina ta karatu tun ɗazu. Yallaɓai Injiniya, tan nawa ne a namu?

Injiniya Bazazzage: Tan ɗaya shi ne BTU 12,000, wato abin da kuke sayarwa da sunan hosfawa ɗaya da rabi.

Usta Mai Sanyi: Yawwa. To Alhaji Baban Sadiya, kada ka yarda a sa maka ɗaya da rabi a ƙaramin ɗakin kwana. Mutanenmu suna son babba, suna ganin shi ne ƙarfi. Babba a ƙaramin ɗaki minti kaɗan zai yi ya tsaya, ya tashi ya tsaya, bai daɗe yana aiki ba balle ya tsotse laimar da Injiniya yake magana. Sannan ranar haɗawa ka tsaya a kansu. Bakin bututun tagulla da ake buɗawa a ɗaure da noti, nan gas yake gudu in hannu bai iya ba. Kuma sai sun sa famfon zuƙe iska sun bar shi ya yi aikinsa kafin su saki gas. A nan da yawa sai su ɗan saki gas ya fesa su ce ya kore iskar, bayan shekara kwamfiresa ta fara ciwo. Bututun ruwa kuma ya gangara, in ya kwanta ko ya ɗaga, bangonka ne zai sha.

Injiniya Bazazzage: Usta, Allah ya yi wa sana'a albarka, ko a nan abin da ke kashe su ke nan. Akwai na BTU 6,000, shi ya dace da ɗakin yara. Zan ƙara biyu da ba ku da su a Kano. Na wajen a ɗora shi a kan ƙafa mai tsayi, sama da inda ƙanƙara ke taruwa, kuma ba ƙarƙashin indararo ba. Sannan in wuri ya ba da dama, kowane ɗaki da nasa na waje ya fi a haɗa uku a kan babba guda, domin babban ba ya iya rage gudu sosai in ɗaki ɗaya kaɗai ke kira.

Usta Mai Sanyi: To Yallaɓai, tambayata. Wannan na ƙasa ba zai yi mana a nan ba? Afrilu in rana ta take, 42 muke gani, na waje ya yi zafi har ya yanke da kansa. Masu haƙa bohol kuwa ga su nan birjik.

Injiniya Bazazzage: Ƙasa tana bin matsakaicin zafin gari na shekara ne. Ta Kano ba 8 ba ce, tana wajen 27 zuwa 29. Zuba zafi a 28 ya fi zuba shi a 42 sauƙi, ba shakka, kuma dutsen da Kano ke zaune a kai yana ɗaukar zafi da kyau. Amma ku zubawa kawai za ku yi, ba watan da za ku ɗiba, don haka ramin zai yi ta ɗumama sai an yi shi da tsawo sosai. Sanyin banza irin na Malam kuwa babu shi sam. Ga kayan gyara da ba a samu a kasuwa. Kuɗin ramin in ka sa shi a sola da sifilit mai inbata, ka kuma yi wa na waje rumfa inda iska ke ratsawa, ka fi cin riba. Babban asibiti ko otal wata magana ce.

Ɗan Maradi: Maradi ma sai abin da ya ƙaru.

Baban Sadiya: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya. Bana zan sa a auna gidan, a toshe rufi da kafofin iska, a kafa sifilit masu zafi da sanyi a sama, ƙanana kamar yadda Usta ya ce. In Janairu ta zo, mai sana'a ya duba ko radiyetocin za su riƙe gidan da ruwan 49. In sun riƙe, kuma lissafin Hajiya bai kashe ni ba, sai a yi maganar rijiya, da ta ruwa guda a falo. Injiniya, saura abu ɗaya: motar haƙan za ta shiga kuwa? Tsakanin gidana da na maƙwabci bai fi mita 3 ba, ga wayoyin wuta ta lungun baya.

Injiniya Bazazzage: Wannan sai mai haƙan ya zo ya gani da idonsa, akwai ƙananan injuna masu tafiya a kan sarƙa da ake shiga da su matsattsun wurare. Ka tabbata yana da lasisin Ma'aikatar Lafiya ta Minesota, su ne ke ba da izinin irin wannan rami saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kuma ka ce ya nuna maka inda zai zuba taɓon da zai fito, don yana da yawa.

Maman Faruk: Ka kuma gaya wa Hajiya tun yanzu cewa lambun alayyafonta ba zai tsira ba. Kada ta ji a bakin mai haƙa.